Yadda ake manna tishu mai zane a kan kati ba tare da ya yamutse ba

Wata 'yar uwa ta aiko da wannan tambaya: "Anti, barka da aiki. Na fara haɗa katin barka da sallah da na gayyatar suna da hannu. Ina sayen tishun nan mai zanen furanni da ake ajiyewa a teburin biki, in shafa farin gam a kan kwali in ɗora. Kullum sai ya yamutse, wani wurin ya yage, in ya bushe kuma katin ya kantare. Gam ɗin ne ba shi da kyau, ko hannuna ne?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'ar albarka. Kwantar da hankalinki, hannunki lafiyarsa ƙalau, gam ɗin ma ba shi da laifi. Ruwan da ke cikinsa ne ke ɓata miki aiki. Abubuwa ukun nan da kika lissafa, yamutsewa da yagewa da kantarewa, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma ranar da kika hana ruwa haɗuwa da tishun, sai ki neme su ki rasa.

Farin gam irin su Top Bond da kafintoci ke aiki da shi, wanda ake kira PVA, kusan rabinsa ruwa ne. Ita kuwa takarda, kowace iri ce, siraran zaruruwan itace ne aka baje aka matse aka busar. Zaren nan in ya sha ruwa kumbura yake yi, kuma ya fi kumbura ta faɗinsa fiye da ta tsayinsa. To duba abin da ke faruwa lokacin da kika ɗora tishu a kan ɗanyen gam. Wurin da ya fara taɓawa ya kama, sauran kuma yana shan ruwa yana ƙara faɗi, ba shi da inda zai nufa, sai ya tattare ya yi tudu. Ke kuma ki sa yatsa ki ce za ki miƙar da shi, alhali jiƙaƙƙen tishu ba shi da ƙarfin komai, nan take sai ya yage. Shi ma kwalin yana can yana nasa: fuskar da kika shafa wa gam ta kumbura, bayansa na nan a bushe. Da fari sai ya lanƙwasa baya, in gam ɗin ya bushe ya tsuke sai ya jawo shi gaba, ya tsaya a haka.

Ni ma sai da na yi asara kafin na gane wannan. Farkon fara karɓar aikina, wata maƙwabciyarmu ta ba ni katin sunan jikarta guda 40. Na shafa gam na manna su duka a dare ɗaya, na jera a kan tabarma, na kwanta raina fari tas. Da asuba na tarar kowanne ya ɗaga kusurwoyinsa sama kamar busasshen ɓawon lemo. Raina ya ɓaci ƙwarai, don matar ta ba ni amana kuma saura kwana uku suna. Da kuɗina na sake sayen kwali, kuma tun daga ranar ban ƙara ɗora tishu a kan ɗanyen gam ba.

Kafin mu zo kan manni, akwai aikin da za ki yi wa tishun kansa. Yawancin masu zanen nan falle uku ne a haɗe, wasu biyu, kuma na saman kaɗai ne ke ɗauke da zane. Shi kaɗai za ki manna. Gefen tishun akwai wasu 'yan ɗige-ɗige da inji ya danna, su ne ke riƙe da fallayen, saboda haka in kin yanke gefen da almakashi rabuwar ba ta wahala. In sun ƙi rabuwa, liƙa guntun salatif a kusurwar baya ki ja a hankali, farin fallen zai biyo shi. Inda mutane da yawa ke faɗawa shi ne su cire falle ɗaya su ɗauka sun gama. Sake dubawa. In farin falle ya rage a ƙasa, shi gam zai kama, zanen na sama yana zaune ne kawai ba abin da ya riƙe shi, bayan kwana biyu sai ya ɗago da kansa a hannun wanda kika ba katin. Fallen da ya dace, in kin ɗora shi a tafin hannunki za ki hango layukan hannun ta cikinsa. Fararen da kika cire kuma kada ki zubar, suna da amfani nan gaba. Daga nan ki goge fallen zanen da dutsen guga mai ɗan ɗumi don layin ninkin ya kwanta.

Tishun da aka fi samu, in an buɗe shi, santimita 33 ne ta kowane ɓangare, ƙaramin kuma 25. Sau da yawa zanen yana maimaituwa a kusurwa huɗu, kowace kusurwa santimita 16 da rabi. Katin da muka fi yi, wato A6, milimita 105 ne da 148, ke nan tishu ɗaya babba zai rufe miki kati huɗu, fakiti mai guda 20 kuma ya ba ki 80. Yi wannan lissafin kafin ki yanka wa mai aiki farashi.

Kwali kuwa, ki nemi mai nauyin giram 250 zuwa 300 a kowane murabba'in mita, wanda ake rubutawa gsm, kuma mara sheƙi. Kwalin nan mai launi da 'yan makaranta ke saye ya yi laushi da yawa, mai sheƙin da maɗaba'a ke buga kalanda da shi kuma gam ba ya shiga jikinsa sosai. Launin ya zama fari ko ruwan madara, domin fallen tishu shara-shara ne, duk launin da ke ƙarƙashinsa sai ya fito. Na taɓa ganin an ɗora farin fure a kan kwali shuɗi, furen ya koma kamar wanda aka wanke da bula.

Abin da nake roƙonki da shi musamman: daina manna tishu kai tsaye a jikin katin da aka ninke. Yanki wani kwali dabam, ƙasa da fuskar katin kaɗan, kamar milimita 99 da 142, ki yi duk aikin manninki a kansa. In ya yi kyau sai ki ɗora shi a kan katin da salatif mai fuska biyu, ya bar farin gefe na milimita 3 a zagaye. In ya lalace, guntun kwali kika rasa. Ko da ya ɗan kantare, za ki iya danne shi shi kaɗai har ya miƙe, katin da ke ɗauke da rubutu kuwa ruwa bai taɓa shi ba sam.

Yanzu ga hanyar da na dogara da ita, wadda nake yin kusan duk aikina da ita. Shi PVA yana da wata ɗabi'a: bayan ya bushe, in ya ji zafi yakan yi laushi ya sake kamawa. Ke nan za ki iya barin ruwan ya fice tukuna, sannan ki kawo tishun.

Zuba gam a murfi ko ƙaramin kofi, ki sirka shi da ruwa kaɗan, kamar kashi uku na gam kashi ɗaya na ruwa, ya zama kamar kaurin nono mai kyau. Da burushi mai faɗi mai laushi, ko guntun soso, ki shafa shi siriri a kan kwalin, har bakin gefe da kusurwoyi, don nan ne ke fara ɗagowa. Ki bar shi ya bushe. Alamar bushewa ita ce farin ya ɓace, wurin ya koma garai yana ɗan ƙyalli, kuma in kin taɓa da bayan yatsa bai kama ki ba. Da hunturu minti 15 zuwa 20 kan isa, da damina kuwa yakan kai awa guda, kada ki yi masa gaggawa. Sai ki ƙara shafi na biyu, wannan karon ta kwance in na farko ta tsaye kika yi, don duk inda burushi ya tsallake ya cike. Shafi ɗaya ba ya isa, kwalin ne ke shanye yawancinsa. Kwalin zai ɗan lanƙwasa a wannan matakin, ba komai, zafin guga zai kwantar da shi. Abin da na lura kuma, mannin ya fi kamawa in an goge a ranar da aka shafa gam ɗin, musamman in gam ɗin na katako ne mai jure ruwa.

Ki yi gugar a kan abu mai tauri, katako ko tebur da aka shimfiɗa wa takarda, ba a kan bargo ko katifa ba, domin laushi ba ya barin dannawa ta isa ko'ina. Ajiye kwalin, gam yana sama. Ɗora fallen tishun, zane yana kallonki, ya zarce kwalin da kamar santimita ɗaya ta kowane gefe. A nan za ki ga daɗin wannan hanya: tunda gam ɗin a bushe yake, kina iya matsar da tishun hagu da dama, ki juya shi, har furen ya zauna daidai inda ranki ke so. Sai ki rufe da takardar gashin kek, wadda masu sayar da kayan kek ke sayarwa a naɗe. Ba ta kama gam, kuma tana jure zafi. Kada ki maye gurbinta da jarida, tawadar za ta sauka a kan aikinki.

Dutsen guga ya kasance a matsakaicin zafi. In naki mai ɗigo-ɗigo ne a jikin abin murɗawa, ɗigo ɗaya wajen digiri 110 ne, biyu wajen 150, uku wajen 200. Ki tsaya a biyu. Ki juye ruwan cikinsa ki kashe tururi, in ba haka ba kin dawo da ruwan da muka kora. Fara daga tsakiya ki tafi gefe, kina dannawa kina tafiya a hankali, kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 ga kati ɗaya, sannan ki bi gefuna huɗun da hancin dutsen. Ɗaga takardar ki karkata katin wajen haske. Inda ya kama launin zai ɗan ƙara fitowa, inda bai kama ba za ki ga ya yi fari-fari kamar ƙaramin kumburi. Mayar da takardar ki sake bi ta wurin. Tun yana da zafi ki sa shi ƙarƙashin littafi mai nauyi ya huce a miƙe. In kin fito da shi ki shafa da yatsa, za ki ji shi sumul kamar a jikin kwalin aka buga zanen.

In babu wuta, dutsen guga na gawayi ma yana yi, na sha yin aiki da shi. Matsalarsa ba shi da ma'auni. Nan fararen fallayen da kika ajiye za su yi miki rana: ɗora dutsen a kan ɗaya ki ƙirga biyar, in ya fara ja ko ya yi ƙauri, zafin ya yi yawa, jira ya sauka. Ki ninka takardar gashin biyu, ki goge ƙasan dutsen da tsumma, kuma ki busa tokar nesa da wurin aiki, don ɗigon toka ɗaya a kan farin fure ba ya fita.

Rarar tishun da ta zarce gefe kada ki bi ta da almakashi, ba ya fita daidai. Ɗauki samfefa mai laushi ko abin goge farce, ki riƙe katin a hannu, ki goga bakin kwalin daga sama zuwa ƙasa, hanya ɗaya kawai. Rarar za ta faɗi da kanta, bakin ya fita tsaf. In kika goga sama, ɗago tishun za ki yi. Wani lokaci kuma fure ɗaya kawai kike so daga cikin zanen. A nan ma na fi son yagewa a kan yankewa: tsoma siririn burushi a ruwa, ki zagaye furen da shi, ki ja a hankali. Bakin da aka yaga yana narkewa cikin farin kwali har ba a ganin inda ya tsaya. Ki dai bari ya bushe sarai kafin ki goge.

Akwai wata hanyar guga da ba ta buƙatar gam ko kaɗan, da ledar nan shara-shara mai naɗe abinci. Ana shimfiɗa ta tsakanin kwali da tishu, a sa takardar gashi sama da ƙasa, a goge. Ledar da aka yi da nau'in robar da ake kira foliyetilin tana narkewa a wajen digiri 110, sai ta zama ita ce gam ɗin. Tana da sauri, kuma babu ruwa ko ɗigo. Amma ni a wurina ta biyu ce, saboda takan bar wuraren da ba su kama ba, gefenta kuma yakan ɗago in kati ya sha hannu. In za ki gwada, duba jikin kwalin ledar. In an rubuta PE, wato foliyetilin, to, in kuwa PVC ne, wani nau'in roba dabam, ki bar ta, hayaƙinta in ta ji zafi ba shi da kyau ga ƙirji. Ki buɗe taga ko da wacce kike aiki.

Gam ɗin sanda, irin su UHU da Pritt, ba ya jiƙa takarda kamar farin gam, shi ya sa ba ya yamutsa tishu sosai. Kamfanin Henkel na Jamus ne ya fara fito da irinsa a 1969, an kwaikwayi yadda ake murɗa janbaki. Ga ƙaramin fure ko guntun ado ya wadatar: shafa a kwalin, ba a tishun ba, ki ɗora, ki rufe da takardar gashi ki murza da bayan cokali. Ga fuskar kati gaba ɗaya kuwa, a zafin garinmu kafin ki kai ƙarshen kwalin farkon ya bushe, kuma na ga katunan da suka saki bayan 'yan watanni. Mod Podge da kike gani a bidiyon Turawa, wanda wata Ba'amurkiya mai suna Jan Wetstone ta ƙirƙiro a shekarun 1960, shi ma dangin PVA ne. Yana da kyau, amma ga wannan aikin ba zai yi miki abin da farin gam ɗinki bai yi ba, ga tsada. Gam ɗin feshi na gwangwani yana kamawa sumul, sai dai da zarar tishun ya taɓa shi ba gyara, kuma dole a fesa shi a waje. Gam ɗin masu gyaran takalmi, da mai kama nan take, da na kyandir da ake narkawa da bindiga, duk ki nisanta su daga tishu: biyun farko suna ratsa shi su bar tabo, na ukun yana yin gudaji.

Ana yawan tambayata batun ƙaro da sitaci, tunda su muka tashi muka gani. Ƙaro abu ne mai daraja, shi ke riƙe tawadar allo, amma in ya bushe yakan yi ƙyalli ya tsattsage, kuma ko bayan shekara ya ji laima sai ya sake narkewa. Sitacin da aka dama yana manna takarda da kyau, masu gyaran tsofaffin littattafai ma na alkama suke amfani da shi, sai dai ruwansa ya fi na farin gam yawa, ga shi kuma yana kiran kyankyasai. Haka dabarar nan da ake jiƙa tishu a kan leda a kifa shi a kan abu, ta faranti ce da kwalba da katako. Kwali ba zai ɗauki wannan ruwan ba.

Takardar nan shara-shara mai launi da ake naɗe kyauta da ita, ita falle ɗaya ce kuma ta fi fallen tishu ƙarfi, hanyar guga tana yi mata daidai. Abin tsoro a gare ta zuba ne. Ja da shuɗi mai duhu da shunayya sun fi kowa. Yagi guntu, ɗiga masa ruwa a kan farar takarda, in launin ya sauka to kada ɗanyen gam ya kusance ta. Kuma da ita ne nake yin abin da na fi so: in dunƙule ta a hannu da gangan, in buɗe, in sake dunƙulewa har sau uku, in baje ta sama-sama ba tare da na miƙar ba, sannan in goge a kan kwalin. Tattarewar takan kwanta ta zama ƙananan jijiyoyi ko'ina. In ruwan ƙasa ce ko ja, sai ki rantse jemammiyar fata ce irin ta dukawa. Katin ɗaurin aure na maza yana kyau da ita ƙwarai.

In kin gama, zuciya za ta raya miki ki shafa gam a saman don ya yi ƙyalli ya kuma kare zanen. Ga kati ba na ba da shawarar haka. Ba faranti ba ne da za a wanke, kuma shafin saman yana dawo da ruwa kan tishun, ki ga tattarewar da kika guje wa ta dawo. Ban da haka, PVA a fili yakan yi danƙo in iska ta yi laima, katin ya manne da ambulan. In dole sai kin kare shi, feshin banish, wato man ƙyalli garai irin na katako, siriri daga nesa ya fi. Rubutu ma kada ki yi shi a kan tishun, biro na yaga shi, tawada kuma na bajewa. Rubuta "Barka da Sallah" ko sunan jaririn a wani siririn kwali ki ɗora a sama.

Katunan da kika gama ki jera su da takardar gashi a tsakanin kowane biyu, ki ɗora musu littattafai su kwana. Ambulan ɗin da ke ɗaukar A6 shi ne C6, milimita 114 da 162, amma kada ki zura su ciki sai washegari. In damina ce, ki ƙara musu kwana ɗaya a ƙarƙashin nauyin, sannan ki adana su a roba mai murfi, nesa da bango da ƙasa.